Kwamfutoci huɗu a Damagaram sun daina samun aikin BOINC: yadda muka bi sawun matsalar

Shafin ayyuka fari fat, babu layi ko ɗaya. Fankar da muka saba jin gurnaninta dare da rana ta yi tsit. Haka muka tarar da uku cikin kwamfutoci huɗu da muke bari suna lissafin sa-kai a wani ɗakin koyon kwamfuta da ke Sabon Gari, nan Damagaram, ana tsakiyar bazara. Ta huɗun ƙullin aiki ɗaya ya rage mata, shi ma yana dab da ƙarewa. Da fari mun ɗauka ciwo ɗaya ne ya kama su, tunda rana ɗaya muka lura. Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga kowace da irin nata.

Ga wanda bai san ta ba, BOINC manhaja ce da aka ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka, ƙarƙashin David Anderson, tun 2002. Masu bincike suna yanka babban lissafi gunduwa-gunduwa, kwamfutarka ta karɓo ƙulli, ta lissafa, ta mayar kafin wa'adinsa ya cika. Da haka Einstein@Home ke neman taurari masu bugun haske tun 2005, Rosetta@home ke nazarin siffar furotin a Jami'ar Washinton, LHC@home kuma ke taya CERN, cibiyar binciken kimiyyar ƙwayar zarra ta Turai, aiki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shi muke kira shiri. Mu abin da ya fara jan hankalinmu shi ne shirin kwaikwayon ruwan saman Afirka da World Community Grid ta buɗe a 2019 tare da Jami'ar Delft ta Holan. Duk wanda ya san yadda manomin nan ke zuba wa gabas ido a watan Yuni ya san dalilin da ya sa muke jin zafi idan kwamfuta ta kwana tana shan wuta ba ta lissafa komai ba.

Yaron da ke kula da ɗakin ya riga ya kai hannu ga linzami. Ya ce, "Malam, in danna Reset kawai?" Muka ce a'a, ya dakata. Reset yana zubar da duk ƙullin da ke hannu, ya goge fayilolin shirin, sannan a sake sauko da su daga farko. Kuɗin forfen intanet ke nan ya tafi, kuma idan matsalar ba a fayilolin take ba, kana nan inda kake. Cire shiri a sake haɗa shi ma kusan haka yake. Waɗannan su ne na ƙarshe, in ma an kai gare su.

Inda ake farawa kundin rahoto ne. A BOINC Manager ka danna Ctrl+Shift+A ka koma cikakken fasali, sannan Ctrl+Shift+E kundin ya buɗe. Ko da ka sa manhajar a Faransanci, mafi yawan layukan da Ingilishi suke fitowa, shi ya sa za mu kawo su yadda suke. Ka je shafin shirye-shirye, ka zaɓi shirin, ka danna Update sau ɗaya tak, ka koma kundin ka karanta layuka biyar ko shida da suka biyo. Abin da kake nema a wurin: shin kwamfutar ta roƙi aiki ma kuwa? In ta roƙa, roƙon ya isa sabar, wato kwamfutar shirin da ke raba aikin? In ya isa, me sabar ta ce? Mutum zai ce "babu aiki" a duk hali ukun, amma maganin kowane daban.

Ta farko ba ta ɗauke mu minti biyar ba. Layin ya ce "Not requesting tasks", wato ita da kanta ce ba ta tambaya ba, ya kuma faɗi dalili: an danna mata No new tasks. Wani ne ya sa haka kafin a rufe ɗakin lokacin hutun Sallah, aka dawo aka manta. Hanyar gane shi, maɓallin yana komawa Allow new tasks, wato rubutun da ke kansa abin da zai yi ne idan ka danna, ba halin da ake ciki ba. Wannan yana ruɗa mutane da yawa. Ƙanensa kuma shi ne ƙulli ɗaya da aka dakatar da hannu: muddin akwai ƙullin wani shiri da ka danna wa Suspend, BOINC ba za ta ƙara roƙon aiki daga wannan shirin ba, ko da sauran duk sun ƙare.

Idan dalilin da ya biyo baya "don't need" ne da "job cache full", babu abin da ya lalace. Rumbu ne ya cika da aikin wani shirin. A saitin lissafi akwai lambobi biyu: mafi ƙarancin aikin da za a ajiye, da ƙarin da za a ɗora a kai. Asalinsu kwana 0.1 da kwana 0.5. BOINC ba ta roƙo sai rumbun ya sauka ƙasa da lamba ta farko, sannan ta cika shi zuwa jimillar biyun, kuma shirin da aka fi bari a baya take fara tambaya. Don haka mai shiri uku zai iya kwana biyu bai ga ƙullin ɗaya daga cikinsu ba, ba tare da wata matsala ba. Mai son ganin lissafin dalla-dalla ya danna Ctrl+Shift+F ya kunna work_fetch_debug, ya karanta zagaye ɗaya, ya kashe. In ka bar shi a kunne yakan cika kundin har ka rasa layin da kake nema.

Ta biyu ce ta ci mana yini. Ta roƙa, amma roƙon bai isa ba: "Scheduler request failed", sai maganar takardar shaida, wadda sabar ke nunawa don tabbatar da cewa ita ce, da ba a iya tantancewa ba. Zargin farko ya tafi kan rezo, amma sauran kwamfutocin a wifi ɗin suke, kuma suna magana da sabar lafiya lau. BOINC tana da nata gwajin a nan. Idan ta kasa samun shiri takan taɓa shafin Google, in ya amsa ta rubuta "Internet access OK - project servers may be temporarily down", in bai amsa ba ta ce ka duba haɗinka. Mu abin da ya tona asirin yana gefen hagu na kowane layi, a gurbin kwanan wata. Kwamfutar tana rubuta shekarar da ta wuce da daɗewa.

Batirin agogo ne ya mutu. A jikin uwar allon kwamfutar tebur akwai wani ɗan batiri faffaɗa kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato manhajar allon da ke tayar da kwamfutar, idan babu wuta. A tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mana na hannu, sau da yawa ya riga ya gaji. Muddin kuran na nan ba za ka sani ba. Ranar da aka ɗauke, aka maido, sai agogon ya koma shekarar da aka ƙera allon. Takardar shaidar https kuwa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da ke zaune a shekarun baya tana ganin takardar ba ta ma fara aiki ba, sai ta ƙi ta. Burauza ma da muka buɗe irin kukan da ta yi ke nan. Mun zare filogi, muka buɗe murfi, muka tura ɗan harshen ƙarfen da ke riƙe batirin da farce, ya yi tsalle ya fito. Da muka ɗora shi a mita bai kai bolt 1 ba. Ana samun sabo wurin masu gyaran agogo da salula, mu a kasuwar Dole muka saya. Gefen da ke da alamar + shi ke kallon sama. Bayan nan a shiga BIOS a gyara rana da lokaci, a tabbatar yankin lokaci UTC+1 ne, a kunna daidaita agogo ta intanet.

Sai dai ba a nan ta tsaya ba. Mutuwar batirin ta mayar da duk saitin BIOS yadda ya fito daga masana'anta, kuma a alluna da yawa VT-x na Intel, ko AMD-V, saitin da ke ba furosesa damar gudanar da kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske, a kashe yake zuwa. Ayyukan da ke gudana cikin VirtualBox, manhajar da ke yin wannan kwaikwayon, irin na gwaje-gwajen CERN masu suna ATLAS da CMS a LHC@home, ba sa tashi sai da shi. Mun kunna shi, amma sabar ta ci gaba da hana kwamfutar irin wannan aikin. Dalili yana cikin fayil ɗin client_state.xml. Idan ƙullin VirtualBox ya taɓa faɗuwa saboda rashin VT-x, BOINC takan rubuta 1 a layin p_vm_extensions_disabled, kuma alamar takan zauna ko bayan an gyara BIOS. Sai an tsayar da BOINC gaba ɗaya, ba rufe taga kawai ba, a kwafi fayil ɗin a ajiye gefe, a mayar da 1 ɗin 0, a adana, a sake kunnawa. A Windows fayil ɗin yana C:\ProgramData\BOINC, babban fayil ne ɓoyayye, sai ka rubuta adireshin da hannu. A Debian da Ubuntu yana /var/lib/boinc-client. Kada a taɓa wani layi ban da wannan, harafi ɗaya ya goce kana iya rasa duk aikin da ke hannu.

Akwai wani nau'in matsalar takardar shaida da agogo ba shi da laifi a ciki. Ranar 30 ga Satumba 2021 wata tsohuwar takardar tushe mai suna DST Root CA X3 ta ƙare, tsofaffin sigogin BOINC na Windows da ke ɗauke da nasu fayil ɗin takardun shaida, ca-bundle.crt, suka kasa magana da shirye-shirye da dama. Har yau wanda ya girka manhajar daga tsohon kile da ake yawo da shi hannu zuwa hannu zai iya faɗawa ciki. Layin farko na kundin yana nuna sigar da kake da ita. In ta girmi 7.16.20, sauko da sabuwa daga shafin BOINC, a girka a kan tsohuwar, aikin da ke hannu ba ya ɓata.

Wani abin da ke toshe hanya a irin rezonmu shi ne sakamako da ya maƙale wajen aikawa. Ka leƙa shafin Transfers. Idan ƙullin da ke jiran hawa sun yi yawa, BOINC takan daina roƙon sabo daga wannan shirin ta ce "too many uploads in progress". Retry now da dare, lokacin da rezo ya saki, yakan kwashe su. Wanda kuma ya sa iyakar megabait a saiti don tsimin forfe, ya tuna cewa in iyakar ta cika duk zirga-zirga tsayawa take har kwanakin da ya ƙayyade su zagayo.

Ta uku roƙonta ya isa, sabar ta amsa, ta ce ba za ta ba ta ba: "Tasks won't finish in time". Wannan saƙon ya fi kowane dacewa da halinmu, kuma mutane kaɗan ne suka san daga ina yake fitowa. BOINC tana auna kashi nawa na yini take a kunne, tana ajiye shi a client_state.xml da sunan on_frac, da kuma kashi nawa na wannan lokacin aka bar ta ta yi lissafi, shi ne active_frac. Tana aika su ga sabar duk lokacin da ta yi roƙo. A ce kwamfuta awa 6 take samu cikin 24, kashi 25 ke nan. Ƙullin da ke buƙatar awa 20 na lissafi zai ɗauke ta awa 80, wato kwana 3 da awa 8. In wa'adin kwana 3 ne, sabar ba za ta ba ta ba, kuma gaskiyarta. Tamu ta sha ɗaukewar wuta na makonnin zafi, ga hutu a kai, ma'aunin ya faɗi ƙasa warwas. Ba ya dawowa dare ɗaya, domin matsakaici ne da ke tafiya a hankali, ma'auninsa wajen kwana 10. Wasu suna gyara lambar da hannu. Mu ba mu yarda da wannan ba: ka ruɗi sabar ta ba ka aikin da ba za ka gama ba, mai bincike ya zauna jiran sakamakon da ba zai zo ba, sai wa'adi ya cika a sake aika wa wani. Abin da muka yi shi ne mayar da kwamfutar kan layin pano da batiri, rage rumbu zuwa 0.1 da 0.25, da zaɓar mata aikace-aikace masu gajeren ƙulli a shafin shirin.

Da muka duba tarihinta a shafin shirin sai ga ciwo na biyu, jerin ƙulli da suka ƙare da kuskuren lissafi. Kowace kwamfuta tana da kason yini a kowace manhajar shiri. Kuskure yana rage shi, ƙullin da ka soke da hannu ko wanda wa'adinsa ya wuce ma haka, yana iya sauka har zuwa ɗaya a yini. Sakamako mai kyau ne ke maido shi. Idan ka ga "This computer has finished a daily quota", kada ka nemi hanyar zagaye kason, ka nemi abin da ke kashe ƙullin. Ana ganin lambar a shafin kwamfutarka, ƙarƙashin Application details. A tamu zafi ne. Da muka ɗaga fankar furosesa, ƙurar hunturun bara ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya kamar auduga, man da ke tsakaninsa da furosesa ya bushe ya zama gari. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, wannan kaɗai ya isa. Mun hure ƙurar, muna riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima, muka goge tsohon man, muka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Sannan muka sa BOINC ta yi amfani da kashi 50 na furosesa. Rage yawan ƙwayoyin furosesa ya fi rage kason lokaci, domin na biyun kunnawa da kashewa yake yi kowane ɗan daƙiƙu, zafi yana hawa yana sauka.

Saƙonnin diski da na RAM ba sa buƙatar dogon bincike, sabar tana faɗin megabait nawa ya rage. Abin lura kawai, iyakar diski uku ce a saiti, kuma wadda ta fi tsanani ita ke aiki. RAM kuma asalinsa kashi 50 idan ana amfani da kwamfutar, kashi 90 idan an bar ta. Saitin da ka yi a jikin kwamfuta yana danne wanda ka yi a shafin intanet, shi ya sa wani zai yi ta gyara a shafi bai ga canji ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana iya tsayawa da zarar ta koma kan batiri, in haka saitinta yake. Salular Android ta fi tsauri: sai tana caji, batiri ya haura kashi 90, zafinsa bai wuce digiri 40 ba, kuma sai da wifi. A bazarar Damagaram sharaɗin zafin nan kaɗai yakan hana ta aiki da rana, kuma ba mu ba kowa shawarar ɗaga shi, batirin da ya kumbura ya fi ƙullin tsada.

Ta huɗu ce kaɗai maganar "babu aiki" ta tabbata a kanta. Roƙo ya tafi, amsa ta dawo: "got 0 new tasks", sai "Project has no tasks available". Kowane shiri yana da shafin halin sabar, galibi adireshinsa yana ƙarewa da server_status.php. Kada a tsaya ga jimillar da ke sama, a sauka ga teburin da ke nuna kowace manhaja da adadin ƙullin da ba a aika ba. Namu sifili ne daga sama har ƙasa. Masu binciken sun gama zango ɗaya ba su shirya na gaba ba. Haka aikin yake, climateprediction.net na Oksfod ma kashi-kashi yake sakin nasa, tsakani kuma shiru. Wani shirin ma ya rufe ke nan: SETI@home ya daina raba aiki tun 31 ga Maris 2020, amma har yanzu akwai masu haɗa shi suna jira.

Wani lokaci kuma shafin zai nuna dubban ƙulli, kai kuma a ce maka babu. Sabar ba daga sito take miƙo maka ba. Akwai wata ƙaramar manhaja da ke ɗebowa daga rumbun bayanai tana zubawa a tire mai gurbi 100 a saitin asali, daga tiren ake sallamar masu roƙo. Ka zo daidai lokacin da aka wawashe shi, ko abin da ke kai ba na irin kwamfutarka ba ne, ka koma hannu rabbana alhali sito cike yake. In saƙon ya ce babu aiki ga aikace-aikacen da ka zaɓa, je saitin shirin a shafinsa ka yarda a ba ka wani idan naka ya ƙare. Ka kuma duba rukunin da kwamfutar take, domin saitin gida, na makaranta da na wurin aiki kowane zaman kansa yake. Windows mai bit 32 ma shirye-shirye da yawa sun daina yi mata manhaja.

Yawan danna Update ba ya kawo aiki. Bayan kowace amsa sabar tana faɗin daƙiƙu nawa za ka jira, in ka riga lokacin ta ce "last request too recent", jiran ya koma farko. In ka ƙyale ta, BOINC tana sake tambaya da kanta, tana tsawaita tazara duk lokacin da aka ce babu, har takan kai awa 24.

Abin da muka yi wa ta huɗun shi ne shirin ko-ta-kwana. Ana haɗa shiri na biyu, a je shafinsa a sa rabonsa, wato Resource share, ya zama 0 maimakon 100. BOINC ba za ta taɓa shi ba sai furosesa ta zauna babu abin yi, kuma kaɗan-kaɗan take karɓowa, don kada ya cika rumbu ya tare wa babban shirin hanya idan ya dawo. Mun auna biyu. Einstein@Home ba ya cika rasa aiki, amma wasu ayyukansa suna sauko da manyan fayiloli, mai sayen forfe zai ji a jikinsa. PrimeGrid, mai neman lambobin da ba sa rabuwa, fayilolinsa ƙanana ne, sai dai yana gasa furosesa sosai. Saboda kuɗin intanet muka ɗauki PrimeGrid, muka bar kwamfutar a kashi 50, muka matsar da ita daga jikin bangon yamma da ke ɗaukar rana. Muka danna Update sau ɗaya don ta karanta sabon rabon. Da ƙullin ƙarshe na tsohon shirin ya hau, kundin ya rubuta "Requesting new tasks for CPU", ƙulli biyu suka sauko, fanka ta ɗauka. Babban shirin mun bar shi a haɗe da rabonsa na 100, muna leƙa shafin sabarsa ranar Alhamis idan an zo share ƙura.